Kwalbar da ta fi abin cikinta daɗewa: tarihin kamfanin Henkes na Holan

A garuruwan bakin teku na Afirka ta Yamma, daga Elmina ta ƙasar Ghana har zuwa Bonny da Kalaba a Najeriya, ba abin mamaki ba ne mai haƙa tushen gini ko masunci ya ci karo da wata irin kwalba da ba ta yi kama da kwalaben zamaninmu ba. Kusurwa huɗu gare ta. Kafaɗarta ta fi ƙasanta faɗi, wuyanta gajere kamar an danna shi ciki, launinta kuma kore ne mai duhu ƙwarai, sai ka ɗaga ta ta fuskanci rana kafin ka yarda ba baƙa ba ce. A jikin wasu akwai rubutu da ya taso daga gilashin kansa: J.H. HENKES. Wasu kuma suna ɗauke da hoton wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu, ɗan uwan shamuwa.

Barasa aka zubo a cikinsu daga ƙasar Holan. Mun san da yawa daga cikin masu bibiyar wannan shafi ba abin da ya haɗa su da barasa, kuma ba tallarta muka zo yi ba. Wadda ke cikin waɗannan kwalabe ma ai an shanye ta ko ta tsiyaye tun fiye da shekara ɗari. Kwalbar ce ta rage. Ita kuwa, idan ka iya karanta ta, za ta gaya maka yadda aka hura ta, da kusan lokacin da aka yi ta, da dalilin ba ta wannan siffa. Idan ka bi sawunta kuma, za ta kai ka har baitulmalin gwamnatin mulkin mallaka, da fadar Etsu Nupe a Bidda.

Garin da hayaƙi ya baƙanta

Johannes Hermanus Henkes ya kafa kamfaninsa a 1824 a garin Delfshaven. Ma'anar sunan ita ce tashar jiragen ruwan Delft, domin mutanen birnin Delft ne suka haƙa mashigin ruwa zuwa kogin Maas tun a 1389 don su samu hanyarsu ta fita teku. A 1886 birnin Rotterdam ya haɗiye garin ya zama unguwa. Da jiragen yaƙin Jamus suka ƙone tsakiyar Rotterdam ranar 14 ga Mayu 1940, wannan unguwa ta tsira, shi ya sa har yau tsohon ginin Henkes yana tsaye a bakin ruwa.

Cibiyar sana'ar dai maƙwabciyarta ce, Schiedam, wadda tafiyar ƙafa ma za ta kai ka. Wajen 1880 akwai gidajen dafa barasa kusan 400 a wannan ƙaramin gari. Hayaƙin kwal ya baƙanta gidaje da tufafi har aka yi wa garin laƙabi da Baƙar Nazarat. Injinan niƙa masu aiki da iska da ke can suna cikin mafiya tsawo a irinsu a duniya, kuma ba don ado aka ɗaga su ba: gine-ginen gari sun tare iska, dole fukafukan su wuce saman rufi.

Farkon aikin bai bambanta da na masu burukutu ba. Ana jiƙa sha'ir ya tsira, domin tsiron ne ke sakin sinadaran da ke mayar da sitaci sukari. A haɗa shi da garin wani dangin alkama mai jure sanyi, a zuba yis, yis ya ci sukarin ya fitar da barasa. Daga nan sai dabarar tururi. Barasa tana tafasa a digiri 78 a ma'aunin Salshiyos, ruwa kuwa sai ya kai 100. Idan aka ɗora haɗin a tukunyar jan ƙarfe aka dafa a hankali, tururin da ya fara tashi ya fi yawan barasa, sai a bi da shi ta murɗaɗɗen bututu cikin ruwan sanyi ya koma ruwa. Sau uku ake maimaitawa, sannan a ƙara 'ya'yan wata bishiya mai ƙamshi da ake kira junifa. Daga sunan bishiyar mutanen Holan suka kira abin yenefa, Turawan Ingila suka gutsure sunan ya koma jin.

A 1830 wani Bature mai suna Aeneas Coffey ya yi rajistar wata na'ura mai tsawo wadda ke tace barasa dare da rana ba tsayawa, kuma ba ruwanta da abin da aka zuba mata, dankali ne ko ragowar masana'antar sukari. Irin wannan barasa mai araha ce ta cika kasuwar Afirka a ƙarshen ƙarni na 19, mafi yawa ta tashoshin Rotterdam da Hamburg, kuma ita ce daga baya ta karya tsofaffin gidajen dahuwa na Schiedam.

Me ya sa kusurwa huɗu?

Lissafi ne kawai. Ɗauki akwati ka raba shi gida-gida, kowane gida murabba'i, sannan ka sa zagayayyar kwalba a kowanne. Da'ira ba ta cin fiye da kashi 78.5 cikin ɗari na murabba'in da take ciki. Ka ga ke nan sama da kashi ɗaya cikin biyar na akwatin nan iska ka yi wa dako, a jirgin ruwan da kowane taku kuɗi ne. Kwalba mai kusurwa huɗu kuwa tana cika gidanta, ba ta gangarawa, ba ta gugar 'yar uwarta. Yawanci dozin guda ake jerawa a akwati.

Tana da nata raunin fa. Bango mai shafe ba ya jure matsi daga ciki kamar zagayayye, shi ya sa ba za ka ga lemon kwalba mai gas a irin wannan siffa ba. Kusurwoyin kuma su ne suka fi siranta, saboda idan ana hura gilashi, can ne ya fi yin nisa kafin ya taɓa bango, yana tafiya yana miƙewa. Akwatin katakon ne ke rufa mata asiri.

To ita kuma faffaɗar kafaɗa da tsukakken ƙasa fa? Nan sai mun shiga masana'anta. Mai hura kwalba yana tsoma dogon bututun ƙarfe a tukunyar narkakken gilashi, ya ɗebo curi mai kauri kamar zuma, ya ɗan hura, sannan ya zura shi cikin wani mazubi mai kama da turmi amma mai kusurwa huɗu. Ya ci gaba da hurawa har gilashin ya manne da bango huɗun, sai ya zare shi ta sama. Mazubin nan guda ne, ba ya buɗewa. Da bangonsa a miƙe yake sak, kwalbar za ta riƙa maƙalewa. Da aka sa bakinsa ya fi ƙasansa faɗi, da an ɗan ɗaga ta sai ta saki. Dabarar mai kife tuwo daga kwano ce. Kafaɗa da wuya kuwa a waje da mazubi ake yin su, da hannu da ido, shi ya sa za ka jera tsofaffin kwalabe goma ba ka samu biyu da wuyansu ya zo daidai ba.

Wannan mazubi ne kuma ya haifar da hatimi. Tun da zare kwalbar ake yi ta sama, ba dama a sassaƙa haruffa a bangon mazubin, don haruffan za su riƙe ta. Mai kamfanin da ke son sunansa a jikin gilashi sai dai a ɗiga masa ɗan curin narkakken gilashi a kafaɗar kwalba, a danna tambari a kai tun da zafinsa, kamar yadda ake danna hatimi a kan dankon wasiƙa. Kamfanin A. van Hoboken na Rotterdam ya yi suna da hatimi mai haruffa AVH. Sai da mazubai masu buɗewa suka yaɗu, waɗanda ake haɗa su gida-gida a kuma ware su, irin wanda Henry Ricketts na Bristol ya yi wa rajista a 1821, sannan aka samu damar rubuta suna ɓaro-ɓaro a gefen kwalba. Saboda haka kwalbar da ka ga J.H. HENKES a tsaye a gefenta, daga mazubi mai buɗewa ta fito.

Launi, cibiya da ɗinki

Gilashi yashi ne da aka narkar. Matsalar ita ce tsantsar yashi ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700, wanda tanderun da ba su iya kaiwa. Sai a haɗa shi da toka ko kanwa, waɗanda ke sauko da zafin narkewar, a ƙara farar ƙasa don kada gilashin ya riƙa narkewa a ruwa. Riƙe maganar kanwar nan, za mu dawo kanta.

Koren kuwa ba rini ba ne. Kusan kowane yashi yana ɗauke da ɗan sinadarin ƙarfe, kuma shi ke ba gilashi launin kore. Duba gilashin taga ta gefen kaurinsa, za ka ga koren nan ko a gilashin da kake ɗauka fari ne tas. Masu kwalaben barasa yashin da ya fi araha suke ɗiba, mai ƙarfe da yawa, ga hayaƙin kwal a cikin tanderu yana ƙara duhun. Za ka ji ana cewa an zaɓi duhun ne don kare abin sha daga hasken rana. Gaskiya ne duhun gilashi yana tare haske, kuma hakan yana da amfani ga wasu abubuwan sha da magunguna. Amma a ganinmu, a nan araha ce ta yi magana: fitar da ƙarfe daga gilashi ko ɓoye launinsa shi ke cin kuɗi. Masu son farin gilashi sukan zuba manganis, kuma irin waɗannan kwalabe ne idan suka shekara da shekaru a rana suke rikiɗa su koma ruwan hoda mai shuɗi-shuɗi.

Yanzu juya kwalbar ka duba ƙasanta. Bayan an zare ta daga mazubi, bakinta yana manne da bututun hurawa, ga shi kuma bakin ake son gyarawa. Sai wani ya manna sandar ƙarfe a ƙasanta da ɗan narkakken gilashi, a yanke ta daga bututun, a riƙe ta da sandar a gyara baki. Idan an gama a ɓalle sandar. Wurin da aka ɓalle yana barin tabo mai kaushi, kamar cibiya, wani lokaci har yana iya yankar yatsa. Daga wajen tsakiyar ƙarni na 19 aka fara amfani da wani maƙali mai rungumar kwalba ta gefe, cibiyar ta ɓace a hankali. Kwalba mai cibiya ke nan ta fi yiwuwa ta girmi wadda ba ta da ita.

Bakin ma yana magana. Na da can zaren gilashi ne aka naɗa a wuya aka baje, ya yi kama da hancin alade, kuma haka masu tara kwalabe ke kiransa. Na baya sun fi tsari, an murza su da wani awartaki na musamman. A 1903 Michael Owens na Toledo a Amurka ya yi rajistar injin da ke yin kwalba daga farko har ƙarshe ba bakin mutum. Alamarsa ita ce layin haɗin mazubi, wanda za ka iya kira ɗinki, yana hawa har ya haye saman baki. A kwalbar hannu ɗinkin yana ɓacewa a kafaɗa ko wuya. Ɗauki kwalbar lemo ka shafa, za ka ji shi har sama.

Abu biyu ne suka fi yaudarar sabon shiga. Na farko, waɗannan dabaru ba rana ɗaya suka canza ba. An ci gaba da hura kwalba da baki a Turai shekaru bayan fitowar injin Owens. Na biyu, shekarar da ke jikin kwalba yawanci ta kafa kamfani ce. Kamfanin Bols na Amsterdam har gobe 1575 yake bugawa a kwalaben da aka yi bana.

Idan kwalba ta daɗe a ƙasa mai damshi, takan fito da wani ƙyalli mai launin bakan gizo. Ruwa ne ya riƙa tsotse sinadaran toka da kanwa daga fatar gilashin, ya bar siraran ɓawo a jere. Haske yana dawowa daga saman kowane ɓawo da ƙasansa, launuka suna ƙarfafa juna ko kashe juna, daidai da abin da kake gani idan baƙin mai ya zuba a kan ruwa. Wannan ɓawo tarihi ne, wanda ya kankare shi da soson ƙarfe ya rage wa kwalbar daraja. Ita kuwa maganar da ake yaɗawa cewa gilashi ruwa ne mai gangarawa a hankali, wai shi ya sa tsofaffin kwalabe suka karkace, ba gaskiya ba ce. A karkace suka fito daga hannun mai hurawa. Akwai gilasan zamanin Rumawa masu shekara dubu biyu da ba su zube ba.

Ta yaya masana ke gwada waɗannan alamu? Da wuraren da aka san ranar rufe su. Elmina misali ce mai kyau. Mutanen Holan sun riƙe ganuwar garin daga 1637 zuwa 1872, a watan Yunin 1873 kuma jiragen yaƙin Ingila suka ragargaza tsohon garin, ba a sake gina shi a wurin ba. Da Christopher DeCorse ya fara haƙa wurin a shekarun 1980, ya samu tarin fasassun kwalaben Turai a ƙarƙashin ɓaraguzan gidaje. Abin da bango ya danne a 1873 ba zai zama ƙirar 1890 ba.

Ranar da barasa ta zama kuɗi

Turawa sun daɗe suna kawo barasa bakin tekun Afirka, kuma tana cikin kayan da aka riƙa musayarsu da bayi. Bayan Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, ciniki ya karkata zuwa manja da ƙwarar kwakwar manja. Jiragen ruwa masu tururi da suka fara zirga-zirga a kai a kai daga 1852 suka sauko da kuɗin dako, jin ta Holan da Jamus ta kwararo. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, miliyoyin galan ke shiga Kudancin Najeriya duk shekara.

Ba duka ake shanyewa ba. A yankin Neja Delta da wasu sassan ƙasar Ibo, kwalba da akwati sun zama kuɗi, kafaɗa da kafaɗa da wuri da mundayen tagulla. Idan ka duba, abin yana da ma'ana. Ba ta ruɓewa. Tana da canji, akwati guda kwalba goma sha biyu ne. Duk lokacin da gwamnati ta ƙara kuɗin fito, wadda ka ajiye a ɗaka ta ƙara daraja, haka ma idan ka yi nisa da ita cikin ƙasa. Da ita ake sayen manja, a biya lada, a kai kayan aure. Akwati yakan yi shekaru yana yawo daga hannu zuwa hannu ba a buɗe shi ba.

Abin da ya zama kuɗi kuwa dole a yi jabunsa, dole kuma mutane su nemi alamar da za su yarda da ita. Mafi yawan masu cinikin ba sa karanta boko, amma suna gane hoto sarai. Kamfanin Blankenheym da Nolet makulli ne tambarinsa. Henkes yana da tsuntsunsa, sannan a takardar da ke manne a kwalbar ya jera hotunan lambobin yabon da ya ciwo a bukukuwan baje koli na Turai. Masanin tarihi Dmitri van den Bersselaar, a littafinsa The King of Drinks na 2007, ya nuna cewa masu saye a Afirka ta Yamma sun ɗauki waɗannan lambobi a matsayin tsabar kuɗi, har ana kiran irin wannan barasar kuɗi, sauran kamfanoni kuma suka shiga kwaikwayon zanen. Abin da Bature ya buga don alfahari a Turai, a nan wata ma'ana aka ba shi, kuma ma'anar nan ce ta sayar masa da kaya.

Wasiƙa daga Bidda

Jiragen 'yan kasuwa ba su tsaya a bakin teku ba, sun hauro kogin Kwara har ƙasar Nufe. A tsakiyar shekarun 1880 Etsu Maliki na Bidda ya aika wasiƙa, da harshen Hausa, don a miƙa wa Bishop Samuel Ajayi Crowther. Roƙonsa shi ne a isar wa Sarauniyar Ingila cewa a daina kawo barasa ƙasarsa, domin tana lalata masa jama'a, ya kuma bayyana cewa shi ya riga ya kafa dokar hana sayar da ita. An fassara wasiƙar zuwa Turanci, masu yaƙi da cinikin barasa a Ingila suka yi ta buga ta a mujallunsu. Sarki Musulmi da limamin Kirista suka samu kansu a sahu ɗaya.

Ranar 2 ga Yulin 1890 ƙasashen Turai da wasu suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels. Ta shata wani yanki na Afirka daga digiri 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa digiri 22 kudu, ta ce inda shan barasar Turai bai kafu ba, saboda addini ko wani dalili, a hana shigar da ita, inda ya kafu kuma a ɗora mata kuɗin fito. Kamfanin Royal Niger Company ya ja nasa layin a digiri 7, wajen Idah, kudu da Lakwaja. Da Gwamna Lugga ya karɓi Arewa a 1900 ya bar haramcin yadda yake.

Kuɗin fiton nan da aka ce don rage sha aka ɗora shi, shi ya zama jijiyar gwamnatin Kudu. A shekaru da dama kafin 1914, fiye da rabin kuɗin shigarta daga barasa yake fitowa. Ka ga gwamnatin da ke cin abinci daga abu ba za ta yi gaggawar kashe shi ba. Da mishan irin su Bishop Herbert Tugwell suka matsa, aka kafa kwamitin bincike a 1909 ƙarƙashin Sir Mackenzie Chalmers. Kwamitin ya saurari shaidu da yawa, ya ce bai ga hujjar cewa barasar tana lalata al'umma ba, ciniki ya ci gaba. Mishan suka yi watsi da rahoton.

Ita Arewa ba ta da tashar teku, saboda haka ba ta karɓar kwastan. Kasafinta na lokacin yana tsaye ne a kan harajin cikin gida irin su haraji da jangali, da tallafi daga baitulmalin Ingila, da wani kaso da Kudu ke miƙowa duk shekara a madadin kuɗin kwastan. A lura, cikin kayan da ake karɓar wa kwastan a bakin teku akwai waɗanda Arewa za su, saboda haka kason ba kyauta ba ne zalla. Amma asusun da ake ɗebo shi, barasa ce ta fi cika shi. Son haɗa asusun biyu, don Ingila ta huta da tallafi, yana cikin manyan dalilan haɗe Najeriya a 1914. Yankin da ya haramta abin cikin kwalbar nan bai kuɓuta daga lissafinta ba.

A shekarar haɗewar yaƙi ya ɓarke, aka rufe hanyar Hamburg, jiragen Holan suka ragu, kuɗin fito ya faɗi warwas. Wannan giɓi yana cikin abin da ya ƙarfafa Lugga wajen kai harajin kai tsaye Kudu. A 1919 yarjejeniyar Saint-Germain ta haramta barasar fatauci mai araha gaba ɗaya. Wadda ta rage ta yi tsada, a shekarun 1930 kuma mutane suka koyi tace tasu daga bammi da sukari: ogogoro a Najeriya, akpeteshie a Ghana. Me suke zubawa a ciki? Tsofaffin kwalaben Holan, mana.

Henkes bai mutu ba. Kayansa sun tashi daga abin sha na yau da kullum suka koma kayan al'ada, musamman nau'in da ake kira shinaf. A kudancin Ghana da Najeriya har yau da shi ake zuba wa magabata a ƙasa, a kai gaisuwar sarki, a nemi aure, kuma masu saye suna son kwalbar a yadda kakanninsu suka san ta, koriya mai kusurwa huɗu, duk da cewa inji ke yin ta yanzu kuma akwatin katako ya zama kwali. Kamfanin kansa Bols ya saye shi a shekarun 1980, sunan ya zama ɗaya daga cikin tamburansa.

Inda kwalbar ta ƙare

Doka ta hana barasa haye layin digiri 7, ba ta hana kwalbar da ba kome a ciki ba. A lokacin da babu roba, kwalba dukiya ce: ta man gyaɗa, ta kananzir, ta zuma, ta magani. Fatake suka riƙa hauro da ita Arewa suna sayarwa.

A Bidda, garin Etsu Maliki, akwai unguwar Masaga, inda zuriyar masu aikin gilashi ke zaune, waɗanda tarihinsu na baka ke cewa daga Masar kakanninsu suka taso. Tun kafin Turawa suna yin nasu gilashin daga tushe, baƙi, mai suna bikini, daga yashi da kanwa. Kanwar nan da muka ce a riƙe, aikinta a tanderun Masaga shi ne aikin toka a tanderun Holan, kuma daga Arewa fatake ke kawo ta. Yin bikini aiki ne na kwanaki ana zuga wuta. Kwalbar Turai kuwa gilashi ce da wani ya riga ya sha wahalar narkarwa, fasa ta kawai za ka yi ka mayar wuta, ga launuka iri-iri. Bajamushe Leo Frobenius da ya ziyarci Bidda a 1911, da S.F. Nadel da ya zauna a ƙasar Nufe a shekarun 1930 ya rubuta littafinsa A Black Byzantium na 1942, duk sun bayyana aikin Masaga, kuma a zamanin Nadel kwalabe sun riga sun zama babban abin da ake narkarwa. Daga gare su ake yin duwatsun wuya da mundayen gilashi, irin waɗanda Hausawa ke kira ƙarau, fatake su kai kasuwannin ƙasar Hausa da gaba. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bidda cikin jerin biranen da suka yi fice a sana'o'in hannu.

Wuta tana shafe hatimi da haruffa da hoton tsuntsu, amma ba ta canza yawan farar ƙasa da ƙarfe da ke cikin gilashi. Tsofaffin kwalaben Holan suna da farar ƙasa da yawa da ƙarancin sinadarin kanwa, saɓanin gilashin da aka yi da kanwa zalla. Na'urar da ke haska abu da hasken eksire ta karanta sinadaransa, wadda yanzu akwai ta riƙewa a hannu, tana iya nuna wannan bambanci ba tare da an fasa munduwar ba.